Wai yaushe uwa take samun lokacin kanta?

Maman Uku: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni kuma amsa ta gaskiya nake so ba irin ta cikin littafi ba. Yarana uku, babban shekararsa 6, mai bi masa 3, ta goye wata 7, kuma ina fita aiki kwana biyar a sati. Jiya wajen sha ɗaya na dare na tsaya gaban madubi zan ɗaure kai sai na tuna kitson da ke kaina ya haura wata biyu, na yi ta ƙoƙarin tuna ranar da na yi wanka ba a buga min ƙofa ba wlh na kasa tunawa. Kowa ka haɗu da shi sai ya ce ki dinga hutawa, ki kula da kanki, kin rame, toh da wane lokacin? Ni ranata an gama rabe ta tun kafin in buɗe ido. Masu yara da yawa ta ina kuke tsakuro lokacin nan ne, ko dai duk faɗa ake yi kawai?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikis salam. Hhhh ke ƙofa ma ake buga miki, ni nawa ta ƙarƙashin ƙofar suke zuro hannu, sai dai ki ga 'yan yatsu suna motsi kina tsaka da sabulu a fuska. Ba ni da amsa wlh, nima karatu na zo ɗauka, bari in gyara zama in jira manya.

Mai Ɗinki: Sannu da ƙoƙari Maman Uku. Ni dai abin da ya fisshe ni tashin wuri ne. Ƙarfe huɗu na dare nake tashi, kafin kowa ya motsa na samu awa ɗaya da rabi tawa ni kaɗai, in yi wanka a nutse in shafa mai in zauna shiru, wani lokacin in yi karatuna wani lokacin in yanka ɗinkin ranar. Shekara uku kenan ina haka kuma ban taɓa nadama ba. Lokaci ba zai zo ya same ki a zaune ba 'yar uwa.

Anti Nas: Mai Ɗinki ƙarfe nawa kike kwanciya?

Mai Ɗinki: Tara da rabi, in ya yi yawa goma. Autana shekararsa 5 ba mai tashina cikin dare.

Anti Nas: Yawwa, kin ga inda gizo yake saƙar. Ke kina samun wajen awa shida da rabi a jere ba mai taɓa ki, shi ma ɗin bai cika ba amma da dama. Ita kuma sha ɗaya ta yi mata a gaban madubi, ga 'yar wata 7 da za ta tashe ta ko sau biyu kafin asuba, in ta bi taki ta tashi huɗu awa nawa ya rage mata? Biyar, su ma a gutsuttsure. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa sama a dare, wannan ba ra'ayina ba ne, abin da likitocin barci suka tsaya a kai kenan. Duk uwar da ta yanko lokacin hutunta daga cikin barcinta bashi ta ci a jikinta, kuma jiki ba ya yafe bashi, zai karɓa ta hanyar ciwon kai da mantuwa da saurin fushi, ki ga kin daka wa yaro tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba daga baya ki zauna kina jin haushin kanki. Ban ce shawararki ba ta da kyau ba fa, ta masu yaran da suka daina tashin dare ce. Mai goyo in ta samu rarar minti ashirin da rana gara ta rufe ido da ta ce za ta ƙara sammako.

Mai Ɗinki: Toh na ji, gaskiya lokacin da nake goyo ban iya ba nima, na manta ne.

Hajiya Kaka: Ni 'ya'yana ina karanta ku ina mamaki. Takwas na haifa, ba injin wanki ba firij ba komai, ban taɓa jin wani abu wai lokacin kai ba, kuma ga mu nan da ranmu Allah ya raya mana su. Yaran yanzu kun cika raki. Raino ɗan lokaci ne, yau ne gobe sai labari, ku yi haƙuri kawai, wata rana za ki nemi mai buga miki ƙofar ki rasa.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya Allah ya ƙara girma, ni dai a ba ni aron ranar nan ko ta awa biyu ce in ɗanɗana in dawo da ita.

Malamar Lissafi: Hajiya barka da warhaka, Allah ya saka da alheri ya bar mana ku. Maganarki ta ƙarshe gaskiya ce, amma ki yi haƙuri in tambaya, lokacin da kike rainon takwas ɗin nan manya nawa ne a gidan da za ki iya miƙa wa jariri ki shiga ɗaki? Don mu da yawanmu daga mu sai yaran sai bango huɗu, maigida ya fita tun safe, kuma mu ma fitar muke yi mu dawo mu tarar da aikin gidan yana nan yadda muka bar shi bai rage kansa ba. Kuma abin ba raki ba ne, an auna shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 a kan aikin kula da gida da iyali wanda ba a biyan kowa, suka ce kashi 76 cikin 100 na awannin aikin nan a duk duniya mata ne suke yi, mace tana kashe wajen awa 4 da minti 25 kullum, namiji awa 1 da minti 23. Wannan fa matsakaici ne, an haɗa da 'yan mata da waɗanda yaransu suka girma, mai yara uku ƙanana kam nata ya wuce haka nesa. Toh ki ɗora awa takwas na wurin aiki a kai, ki ɗora hanya zuwa da dawowa, ki cire barci, ni malamar lissafi ce na buga na sake bugawa ba ya fita. Shi ya sa ni ba na cewa a nemo lokaci, ba ɓata ya yi ba balle a nemo shi, yana hannun aiki, sai an cire wani aikin daga kanki ko an bar shi ba a yi ba sannan zai fito.

Hajiya Kaka: Toh ɗiyata kin kama ni. Gaskiya ƙanwata tana hannuna a lokacin, ga 'yar yayata, ga maƙwabta da ba a sallama tsakaninmu, yaro ya yi kuka kafin in ajiye abin da ke hannuna wani ya ɗauke shi. Kuma in faɗa muku gaskiya ciwon bayan nan da nake fama da shi yanzu tun haihuwa ta shida ya fara, ban taɓa kai shi asibiti ba sai da na kasa sunkuyawa. Amma dai haƙurin ma kar ku yar da shi.

Malamar Lissafi: Ba za mu yar ba Hajiya, shi muke ci shi muke sha ai.

Mai Ɗinki: Ni fa akwai abin da ba wanda ya taɓo, waya. Maman Uku ki shiga saitin wayarki akwai wurin da yake nuna awa nawa kika yi a kanta a rana, Android tana da shi iPhone ma tana da shi, ki duba ki faɗa mana tsakaninki da Allah. Ni ranar da na fara dubawa sai da na ji kunyar kaina.

Maman Uku: Innalillahi, na duba, wai awa 2 da minti 40 jiya. Ni wlh da an tambaye ni cewa zan yi minti talatin.

Mai Ɗinki: Kin gani ko, ga lokacinki nan a tafin hannunki kina nema.

Maman 'Yan Biyu: A'a Mai Ɗinki tsaya, wannan lissafin da sauransa. Awa biyun nan ba a dunƙule take ba, minti bakwai ne kina shayarwa hannu ɗaya a ɗaure, minti huɗu kina jiran ruwa ya yi zafi, minti goma kina jijjiga yaro ya ƙi barci, ta yaya za ki tattara wannan ɓarɓashin ki je kitso da shi? Wanda dai na yarda da shi na dare ne, in sun yi barci gida ya yi tsit idona kamar an zuba yashi amma sai in ƙi kwanciya in yi ta danna waya har sha biyu, ba don wani abin kirki nake kallo ba, kawai don shi ne lokacin da ba mai kiran sunana, sai in ji in na yi barci kamar na ba da ranar gaba ɗaya ban ɗauki komai ba. Da safe kuma in tashi ina jin haushin kowa.

Maman Uku: Wlh kamar kina gidana. Ni ce nan sak.

Anti Nas: Dukkanku kuna da gaskiya. Na ranar ku bar shi ba laifi ba ne, na daren ne ɓarawon. Ni abin da na yi na mayar da cajar falo, wayar a can take kwana, na sayi ɗan agogo mai ƙararrawa don tashi. Kwana uku na farko kamar an yaye ni. Amma ku lura da abin da Maman 'Yan Biyu ta faɗa, dalilin da ya sa take ƙin kwanciya shi ne ba ta da wani lokacin da rana, in ba a gyara wannan ba ko an ƙwace wayar silin za ta yi ta kallo.

Malamar Lissafi: Toh bari in faɗi abin da kowa yake kewayewa, baban yara. Ni shekara huɗu ina jiran ya gani da idonsa ya ce kawo in yi, bai gani ba, kuma ba mugunta ba ce, shi a ganinsa komai yana tafiya daidai tunda bai taɓa ganin abin ya tsaya ba. In na ce ka taimaka min sai ya ce me zan yi, kafin in gama bayanin inda safa take da wace riga ce ta yau da wanda ba ya son a wanke masa kai gara in yi da kaina, sai ya koma ya zauna ni kuma in cika in yi fam. Ranar da abin ya canza ban ce taimako ba, na zaɓi lokacin da ba mai fushi a cikinmu na ce daga yau wankan manyan biyu da shirinsu na makaranta naka ne, daga tashinsu har su shiga mota, ba zan tuna maka ba ba zan duba ba. Satin farko yarona ya tafi da riga a baibai, ranar Laraba aka manta gorar ruwa, wlh sai da na ciji leɓe na shige ɗaki don kar in yi magana, don na san ina gyarawa sau ɗaya aikin ya dawo kaina. Yanzu shekara biyu, ya fi ni sanin lambar takalminsu. Kuma abin da na gano ba wankan ne yake gajiyar da ni ba, riƙe komai a ka ne, sabulu ya kusa ƙarewa, gobe akwai rigakafi, wane yana da aikin gida, takalmin wance ya matse ta, kan uwa kamar allon da ba a taɓa gogewa. In za ki ba da aiki ki ba da shi har da tunaninsa, in ba haka ba kin zama mai gadin aikin ne kawai.

Maman Uku: Nawa fa in ya riƙe ta goyen minti biyar ta ɗan yi ƙorafi sai ya biyo ni da ita har kicin wai ke take so.

Malamar Lissafi: Saboda kina nan ne. Ki fita daga gidan gaba ɗaya ko zagayen unguwa ne, ki shayar da ita ta ƙoshi ki tafi. Wata 7 ai ta fara cin abinci, awa ɗaya da rabi ba abin da zai same ta. Shi ma ba zai taɓa koyon rarrashinta ba muddin akwai inda zai kai ta.

Maman 'Yan Biyu: Nawa ranar da na bar masa su na dawo na tarar ya sa wa ɗaya famfas biyu ɗayan babu ko ɗaya, yana rantsuwa duk ya sa musu.

Ni Kaɗai: Ina ta karantawa ina shiru don duk maganar maigida ake, ni nawa Allah ya yi masa rasuwa shekara uku kenan, yara huɗu, ba wanda zan ce wa wannan aikin naka ne. Amma bari in faɗi yadda nake yi ko zai amfani wata. Na farko na daina wasu ayyukan kwata-kwata, ban ba kowa ba, na kashe su ne. Guga sai kayan makaranta da na fitata, sauran a ninke kawai. Shara sau ɗaya da yamma maimakon duk sanda aka zubar da abu. Girki ina yin mai yawa in raba biyu. Da farko ina jin kamar na zama ƙazama, sai na lura ba wanda ya ma gane an daina sai ni. Na biyu yaran, mai shekara 4 yana kwashe kayan wasansa ya kai kwanonsa, mai 7 tana gyara gado ta ninke ƙananan kaya, manyan biyu wanke-wanke nasu ne bi da bi, ba ya fita tas yadda nake so amma yana fita. Na uku kuma shi ne ya fi komai, akwai maƙwabciyata mai yara uku, muka yi magana duk Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida, wannan satin yaran duka suna wajena, sati mai zuwa suna wajenta. Ranar da suke wajena gidan kamar kasuwa amma abin mamaki sun fi sauƙin riƙewa don wasa suke da junansu ba sa bi ta kaina. Ranar tawa kuma mun yi alkawari da ita ba a aikin gida a ciki, in ta leƙo ta ga ina wanki ta ce za ta turo min su. Awa biyu ce a sati biyu, ba yawa, amma tun ranar Litinin nake jin daɗinta.

Hajiya Kaka: Allah ya jiƙansa ya raya miki su ɗiyata. Wannan maƙwabciya ki riƙe ta da kyau.

Ni Kaɗai: Amin Hajiya na gode.

Sabuwar Uwa: Dan Allah ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni haihuwar fari ce, yarona sati 9, kuma ni ba lokaci na rasa ba don mamana tana tare da ni tana karɓarsa, amma ko ta ce je ki kwanta in na kwanta barcin ba ya zuwa, sai kuka ba dalili, abinci ba ya min daɗi, ko wanka sai ta yi min magana, waya ma in aka kira ba na son ɗagawa. Ina kallonsa ina jin kamar ban iya ba kamar wata ta fi ni dacewa da shi. Ban faɗa wa kowa ba don kar a ce na yi butulci Allah ya ba ni ɗa ina kuka. Wannan ma gajiyar ce?

Anti Nas: Ƙanwata na gode da kika faɗa, kuma ki cire maganar butulci a ranki. Akwai ɗan sauyin rai da yawancin masu haihuwa suke yi kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa, kuka da saurin damuwa, wannan yana wucewa da kansa cikin sati biyu. Naki ya kai sati 9, ga rashin barci ko an karɓar miki yaro, ga rashin jin daɗin komai, wannan ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana warkewa. Ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun irin wannan matsalar, a ƙasashe masu tasowa ma ya kusa 20 cikin 100, kusan mace ɗaya a cikin biyar kenan. Ba zan iya yanke miki hukunci ta waya ba, ki je asibiti cikin satin nan ki faɗa wa likita ko nas yadda kika rubuta mana ɗin nan ba ragi. Akwai wasu tambayoyi guda 10 da ake yi wa mai haihuwa, ana kiransu ma'aunin Edinbura, tun 1987 ake amfani da su, minti biyar an gama. Ki ce kuma a duba miki jini, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wannan ƙullin da yake gaban wuya, su ma suna kawo kasala da sauyin rai bayan haihuwa. Magani akwai, har wanda mai shayarwa za ta iya sha, wani lokacin ma zama da mai ba da shawara ya isa. Abu ɗaya kuma, in har tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zuwar miki kar ki jira gobe, ki faɗa wa mama yanzu ku tafi yau. Ki nuna mata wannan saƙon in bakinki ya yi nauyi.

Sabuwar Uwa: Wannan tunanin bai zo min ba Anti alhamdulillah. Zan nuna mata in ta idar da abin da take yi. Na gode wlh, ina rubutu ina hawaye.

Hajiya Kaka: Jikata ki je kin ji. Ni bayan haihuwata ta biyar na yi wata uku haka, ina zaune hawaye na zuba, aka yi ta ce min in daina sa abu a rai, ba wanda ya san yana da suna. Na janye kalmar raki a kanki.

Admin: Sabuwar Uwa na turo miki saƙo ta gefe. 'Yan uwa dan Allah kar kowa ya rubuta mata sunan magani a nan, a bar wa likita.

Anti Nas: Tunda an zo nan bari in ƙara, don in aka ce kula da kai hankalinmu sai ya tafi kan mai da turare da gyaran fuska, suna da daɗi ban hana ba, amma ni a wurin aiki abin da nake gani uwa ta kawo yaro rigakafi ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, katinsa a cike, ita kuma rabonta da a auna jininta tun awon ciki. Dubawar sati shida bayan haihuwa da yawa ba sa dawowa. Hawan jini ba ya sallama, in awo yana kai 140 bisa 90 ko sama a kai a kai sai an bi shi. Gwajin sankarar bakin mahaifa daga shekara 30 ake so mace ta fara. Haƙori yana ciwo wata shida ana danne shi da maganin ciwon kai. Mai fitsari yana zubo mata in ta yi tari ko atishawa tun haihuwa tana ɓoyewa, alhali akwai motsa jikin matse tsokar ƙasan mara da ake yi a zaune ba wanda ya sani, in bai yi ba a je a duba. Dabarar da nake ba su ita ce duk ranar da kika kawo yaro ki ce nima a auna ni, kin riga kin zo ai. Sai tafiya a ƙasa, ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, minti 30 kenan sau biyar, kuma ba dole a jere ba, goma nan goma can duk yana shiga lissafi.

Maman 'Yan Biyu: Anti bin yara biyu da suka gudu ta hanya daban-daban yana shiga lissafin? In yana shiga ni na gama na wata tun ranar Talata.

Anti Nas: In kina haki yana shiga hhh.

Mai Ɗinki: Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa akwai wadda ko an ba ta yini guda aiki za ta ƙirƙiro, wani abin daga mu ne.

Ni Kaɗai: Wannan kam gaskiya ne, Asabar ɗita ta farko labule na cire na wanke.

Maman Uku: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na yi magana da baban yara yadda Malama ta ce, da farko ya ce ai ban taɓa faɗa ba, na buɗe baki zan kawo tarihi sai na tuna na haɗiye. Ya karɓi shirin makarantar babban da kai shi, sannan Asabar da yamma yaran nasa ne awa biyu. Caja ta koma falo, kwana shida cikin tara na kwanta kafin goma da rabi, sauran ukun kar a tambaye ni. Asabar ɗin na shirya tsaf zan je kitso, na shayar da ita na miƙa masa na fito, ina isa na tarar da layin mutum huɗu, sai na wuce gidan yayata da yake kusa na ce bari in ɗan zauna kafin layin ya ragu, wlh ban san sanda barci ya ɗauke ni a kan kujera ba, sai farkawa na yi na ga an rufa min zani kuma kiransa bakwai a wayata. Na koma a guje na tarar ta yi barci a kafaɗarsa, duk kiran wai tambaya yake ina murfin kofinta. Kitson dai yana nan yadda yake, ya shiga wata na uku.

Sabuwar Uwa: Nima mun je da mama ranar Alhamis, an yi min tambayoyin an ɗebi jini, jinina ya yi ƙasa, an ba ni magani kuma zan koma bayan sati biyu in ga likitan da suka tura ni wajensa. Jiya na yi barcin awa huɗu a jere.

Anti Nas: Madalla ƙanwata, kar ki fasa komawar ko kin ji sauƙi.

Maman 'Yan Biyu: Maman Uku dan Allah yayar nan taki kujerar tata tana ɗaukar mutum biyu? Ina tambaya ne saboda Asabar mai zuwa.